Yadda Ake Rubuta Waƙar Rok Mai Taushi, a Naɗe Ta, a Kai Ta Jadawali

Tun ranar da na yi bayani a kan waƙoƙin rok masu taushi, waɗanda Turawa ke kira soft rock, tambaya ɗaya take ta dawo mini, musamman daga matasan da ke harkar situdiyo: yaya ake yin irin wannan waƙa, tun daga takarda har ta hau jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe? Wasu har sun turo mini abin da suka gwada. Na saurara, kuma kusan duk ciwonsu ɗaya ne, kaya sun yi yawa. Jita uku, fiyano biyu, gogen kwamfuta yana kuka, ganga tana dukan ƙirji, shi kuwa mawaƙin yana can ƙasa kamar wanda ya faɗa rijiya. Irin wannan waƙa ba ta jure cunkoso. Rabin aikinta ragewa ne.

Zan riƙa kawo misali da waƙa ɗaya, "Dreams" ta ƙungiyar Fleetwood Mac, domin waɗanda suka yi aikinta sun ba da labarinsa dalla-dalla. An rubuta ta a 1976 a Kalifoniya, ta fito a Maris 1977, ta hau lamba 1 a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka a watan Yunin shekarar. Kada ka kwaikwayi waƙar. Tsarin aikin nake so ka ɗauka.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta da manhajar naɗar sauti. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na mai ƙaramin aiki kuma dala 60 ne. GarageBand kyauta ce ga mai kwamfutar Apple. Idan da FL Studio ka saba, ta isa, sai dai ka duba wace kake da ita, domin daga nau'in da ake kira Producer zuwa sama ne ake ɗaukar murya da makirufo kai tsaye.

Sai sawun kad, akwatin da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta, mai ƙofa biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2, kimanin dala 200. Makirufon murya irin Audio-Technica AT2020 kimanin dala 100 ne, kuma yana buƙatar ka kunna masa maɓallin 48V a jikin sawun kad ɗin, in ba haka ba shiru za ka ji. Shure SM57, shi ma wajen dala 100, yana da kyau ga jitar lantarki da ganga. Hedfon mai rufe kunne ruf, irin Sony MDR-7506, wajen dala 100. Ƙara matatar iska ta gaban makirufo, da sandar makirufo, da wayoyi masu kyau. Jimilla, ban da kwamfuta da jita, ka ƙiyasta dala 500 zuwa 600.

Idan waƙa ɗaya ce a gabanka, hayar situdiyo na kwana biyu ta fi sayen kaya arha. Amma ka je da waƙar a shirye. Situdiyo wurin naɗi ne, wanda ya je can yana neman kalmomi kuɗinsa yake ƙonawa.

Mataki na 1: Rubuta ta da kayan kiɗa ɗaya

Ɗauki jita ko fiyano, ka ajiye wayarka a gefe tana naɗa. Kada ka buɗe manhaja tukuna. Stevie Nicks, mawaƙiyar Fleetwood Mac da ta rubuta "Dreams", haka ta yi: a situdiyon Record Plant a garin Sausalito na Kalifoniya, ranar da ba a buƙatarta a babban ɗaki, ta ɗauki ƙaramin fiyanon lantarki ta shige wani ɗaki ita kaɗai, ta kunna rikodar kaset, cikin kamar minti 10 waƙar ta fito. Abin koyi a nan shi ne kaset ɗin, ba gajartar lokacin ba. Karin da ya zo maka yanzu, in ba ka naɗe shi ba, bayan sallar la'asar ba za ka tuna shi daidai ba.

Zaɓi kod, wato sautukan da ake dannawa tare, biyu zuwa huɗu. C, Am, F, G sun isa mafari. In kana son taushin nan da kunne ke gane salon da shi, mayar da F ta zama Fmaj7, C ta zama Cmaj7. Kusan duk "Dreams" a kan kod biyu take kai da komo, F da G. Saurin kiɗa ka ajiye shi tsakanin bugu 70 zuwa 120 a minti. Ita "Dreams" tana wajen 120, amma ba a jin gaggawa a cikinta saboda muryar tana jan kalmomi a hankali bisa ganga mai tafiya.

Jerin da ya fi aiki: gajeriyar gabatarwa, baiti na ɗaya, amshi, baiti na biyu, amshi, ɗan hutun kiɗa, amshi na ƙarshe. Tsawo minti 3 zuwa 4 da rabi.

*Hattara:* Spotify tana ƙirga sauraro ne idan mutum ya kai daƙiƙa 30. Gabatarwa mai daƙiƙa 40 ta kiɗa zalla tana korar mutane kafin a ƙirga maka su. Murya ta shigo kafin daƙiƙa 20, amshi ya iso wajen minti ɗaya.

Kafin ka tashi, nemi makullin, wato matakin hawan sauti, da ya dace da muryar. Rera wurin da ya fi hawa a amshi. In sai ka ɗaga jijiyar wuya kake kai wa, sauke waƙar. Wannan salo yana son mawaƙin da yake kamar yana magana da mutum ɗaya a zaure, ba mai shela a kasuwa ba.

Mataki na 2: Daidaita kalmomi da kari

Yi magana da mutum ɗaya, a kan abu ɗaya. Rabuwa, jira, kewa, neman afuwa. Baiti ya kawo abin da ido ke gani: ƙofar da aka bari a buɗe, shayin da ya huce, hadarin da ya taso bai zubar ba. Amshi ya faɗi abin da ke zuciya cikin layi biyu ko huɗu, da kalmomin da yaro zai iya maimaitawa. Sunan waƙar ya fito a amshi, domin wanda ya ji ta a mota ya san abin da zai nema.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani aiki na daban, kuma a nan na ga waƙoƙi masu kyau suna lalacewa. Karin wannan salo yana son jan sauti, Hausa kuwa tana bambanta gajeren wasali da dogo. Ka ɗora gaɓar farko ta "gari" a kan dogon sauti, ka mayar da birni abin tuƙa tuwo. Don haka bi waƙar gaɓa-gaɓa: duk inda kari ya tsaya ya ja, sa gaɓa mai nauyi ko ƙarshen kalma a wurin. In kalma ta ƙi zama, sauya kalmar ko ka lanƙwasa karin kaɗan. Karanta baitin da baki kamar hira, sannan ka rera shi. Inda hawa da saukar muryarka suka yi karo da na hirar, nan ne gyara yake.

*Hattara:* kada ƙafiya ta ja ka ta hanci. Layin da aka cusa don kawai ya ƙare da "na" ko "wa", mai sauraro yana jin sa. A waƙa mai hayaniya kiɗa yana rufe irin wannan. A nan babu abin da zai rufe shi.

Mataki na 3: Bar ta ta kwana, sannan a rubuta rabo

Ajiye naɗin wayar kwana uku ba ka saurara ba. In ka wayi gari kana rera amshin ba tare da ka nufa ba, akwai waƙa. Rera wa mutum biyu ko uku, ka lura da abin da suke yi bayan ka gama, fiye da abin da suke faɗa. Ƙungiyar 10cc ta Ingila ta fara naɗar "I'm Not in Love" da wani salon kiɗa, ba ta gamsu ba, ta watsar. Sai suka lura ma'aikatan situdiyon suna ta rera karin a bakin aiki. Wannan ya sa suka dawo da ita da sabon tsari, ta kai lamba 1 a Birtaniya a 1975.

Haka kuma kada ra'ayin farko ya karya maka gwiwa. Christine McVie, mai fiyanon Fleetwood Mac, ta faɗa da bakinta cewa da ta fara jin "Dreams" a fiyano, ta ga abin gundura ne.

Idan ku biyu ko uku kuka yi rubutun, a yau za ku cika takardar rabo: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa, kason kowa cikin 100, sa hannu. Kowa ya ɗauki hotonta.

*Hattara:* mai tsara kiɗa ba lalle ne ya zama marubuci ba. Lindsey Buckingham, mai jitar Fleetwood Mac, ya yi wa "Dreams" aiki mai yawa, amma sunan Nicks kaɗai ne a matsayin marubuciya. Ku yanke tun yanzu: furodusa kuɗin aiki zai karɓa, ko kaso, ko duka biyu? Maganar da take da nauyi yau, in waƙa ta tashi gobe sai ta zama shari'a.

Mataki na 4: Tsara kiɗan a takarda

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne gishirin aikin. Zana layuka a takarda: a sama sassan waƙar, a gefe kayan kiɗa. A kowane sashe, yi alama a kan abin da zai yi sauti. Dokata ita ce sabon abu ɗaya ko biyu a kowane sashe. Baiti na ɗaya: ganga, bes (jita mai kaurin sauti), fiyano, murya. Amshi: jitar katako ta shigo, 'yan amshi su shigo. Baiti na biyu: 'yan amshi su fita, jitar lantarki ta riƙa amsa wa murya a ƙarshen layi. Amshi na ƙarshe ne kaɗai kowa zai hallara.

Abin da ya sauya ra'ayin McVie ke nan. Ta ce Buckingham ya ɗauki kod iri ɗaya ya fitar da sassa uku, kowanne da kamarsa. Saurari waƙar da hedfon ka ƙirga abin da ke shiga da fita. Kod ɗin ba su motsa ba, amma ba za ka taɓa rikita baiti da amshi ba.

Duk kayan da ke yin sauti a daidai lokacin da mawaƙi ke furta kalma, tambaye shi dalili. In ba shi da amsa, ya jira mawaƙi ya ja numfashi.

Mataki na 5: Gyara ɗaki, ka kafa ganga

Tafa hannu a tsakiyar ɗakin. In ka ji ƙara tana dawowa, jingina katifa a bango bayan mawaƙi, rataya barguna masu kauri, shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana komai. Kashe fanka da firij. Janareta ya yi nisa, ko a yi aiki da batir, domin waƙa mai sarari tana tona duk wani gunji. Na taɓa rasa muryar da ta fi kyau a wani aiki saboda fankar silin da muka manta. Ba mu ji ta ba sai lokacin miksin, kuma ba ta ciru ba.

Saita manhaja a bit 24, da 44.1 ko 48 kHz. Sa ƙarfin shiga yadda wurin da ya fi ƙara ba zai wuce -10 dB ba. Kunna metronom, abin da ke ƙirga maka bugu, a saurin da ka zaɓa, ka naɗi murya da jita na jagora, wanda sauran za su bi.

Gangar wannan salo busasshiya ce, ba ta amo. Makaɗan shekarun 1970 suna ɗora tawul ko walat a kan ƙaramar ganga, su cusa matashi a cikin babbar. In da makaɗi kake aiki, yi haka, ka roƙe shi ya rage ado. A "Dreams", injiniya Ken Caillat ya yanko gaɓar kiɗa 8, kowace mai bugu huɗu, daga kiɗan makaɗin gangar ƙungiyar, Mick Fleetwood, ya haɗa bakin tef ɗin ya riƙa zagayawa, shi ya sa gangar take tafiya kamar bugun zuciya. Kai a kwamfuta minti biyu wannan zai ɗauke ka: nemi gaɓa 8 da suka fi daɗi, ka maimaita su, sannan ka ɗora kugen faranti da 'yan sauye-sauye a mashigar amshi.

In gangar manhaja ce, kada kowane bugu ya zo da ƙarfi ɗaya. Rage wasu, ƙara wasu.

*Hattara:* kwafi aikin a wuri biyu duk ranar da aka tashi. Tef ɗin kundin Rumours, wanda "Dreams" ke ciki, ya sha juyi har sautin gangar ya dushe, sai da aka koma ga kwafin ajiya aka ceto shi. Kwamfuta ba ta dushewa, mutuwa take yi gaba ɗaya.

Mataki na 6: Bes, fiyano, jita

Bes ya fara. Ya bi babbar ganga, ya tsaya a kan tushen kod, sauti ɗaya ko biyu a gaɓa. Jona shi kai tsaye a sawun kad.

Fiyanon lantarki mai sautin Fender Rhodes yana cikin kusan kowace manhaja. Danna kod ka riƙe, hannun hagu kuma ya yi sauƙi don kada ya shiga gonar bes. Jitar katako: sabbin tsirkiya kwana ɗaya kafin naɗi, makirufo nesa da ita kamar santimita 25, yana kallon inda wuya ya haɗu da jiki. In ka nufa shi ga ramin jitar, sauti zai yi kumburi. Naɗe ta sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Duba saitin tsirkiya kafin kowane ɗauka.

*Hattara:* kiɗan da ka saya a intanet wanda aka sayar wa wasu ma, ko guntun da ka yanko daga waƙar wani, zai hana ka rajistar Content ID, tsarin da ke gano waƙarka a bidiyon wasu a YouTube, kuma yana iya sa a sauke waƙar.

Mataki na 7: Murya

A nan za ka kashe lokaci. Baki ya yi nisan santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, matatar iska a tsakani. Ruwa mai ɗumi a kusa. Rage mutanen ɗaki. Mawaƙin da abokai biyar ke kallo ba zai yi rauni a murya ba, kuma raunin ake nema.

Ɗauki waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau 4 zuwa 6, kada ka riƙa tsayar da shi layi-layi. Bayan haka zauna da takardar kalmomi, ka zaɓi layin da ya fi kyau daga kowane ɗauka, ka ɗinke. Bar numfashi a ciki. In ka goge shi duka, mutum ya fita daga waƙar.

Kuma kada ka goge muryar jagora ta mataki na 5. Daga naɗin farko na "Dreams" a Sausalito, ganga da muryar Nicks aka riƙe, jita da bes daga baya aka ɗora su a Los Angeles. Sau da yawa muryar da aka rera kafin mawaƙi ya san ana kallonsa ita ce ta gaskiya. Kwatanta ta da sababbin kafin ka yanke hukunci.

*Hattara:* Auto-Tune, manhajar gyara murya, mai saurin kamu, wanda kunnenmu ya saba da shi, yana kashe wannan salo. In za ka gyara, gyara sautin da ya kauce shi kaɗai, da hannu, ka bar sauran.

'Yan amshi: murya ɗaya sama da ta mawaƙi, ɗaya ƙasa, kowace a naɗe ta sau biyu a raba hagu da dama. Su ja baya kaɗan daga makirufo, su sassauta harufan "s" da "t" na ƙarshe don kada su yi ta karo. 10cc sun yi makonni suna tara muryoyi 48 a kan kowane sauti, amma su muryoyin ne suka zame musu kayan kiɗa. Kai huɗu sun ishe ka.

Mataki na 8: Miksin da mastarin

Huta kwana ɗaya. Sannan sauke komai ƙasa, ɗaga murya ita kaɗai, ka shigo da bes da ganga a ƙarƙashinta, sai sauran ɗaya bayan ɗaya. Yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a murya da jita. Kwamfuresa, mai danne wuraren da sauti ya yi ƙarfi, a murya kamar 3:1, tana rage dB 3 zuwa 4, ba fiye ba. Amsa-kuwwa iri ɗaya ko biyu ga dukan waƙar, ka ɗaga ta har ka ji ta, sannan ka rage kaɗan.

Gwaji: kashe kowane layin kiɗa bi da bi. Wanda ka kashe ba ka yi kewarsa ba, bar shi a kashe. Saurara a waya, a mota, a ƙaramar sifika, da ƙaramin sauti. In a waya ba a jin kowace kalma, aiki bai ƙare ba.

Fitar da miks a WAV, ka bar sarari kamar dB 6 a sama don mai mastarin, wato mai gyaran ƙarshe na sautin waƙar. In da hali, wani ya yi mastarin ɗin, domin kunnenka ya riga ya saba da kurakuranka.

*Hattara:* kada ka nemi a matse waƙar don ta yi ƙara. Spotify tana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sauti, tana kuma ba da shawarar ƙololuwar sauti kada ta wuce -1 dB. Waƙar da aka matse za a sauke ta, ta rasa bambancin baiti da amshi a banza.

Karɓi abu uku: cikakkiyar waƙa, kiɗa zalla, da gajeren bugu na rediyo in ta haura minti 4.

Mataki na 9: Rajista da rarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa ranar fita mako 4 zuwa 6 a gaba.

Haƙƙi biyu ke cikin waƙa: na rubutu da kari, da na naɗin kansa. Na farko, yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta kuɗi: MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Gana, ASCAP ko BMI a Amurka, PRS a Birtaniya. Na biyu yana bi ta kamfanin rarrabawa. DistroKid kuɗin shekara take karɓa, wajen dala 25 a ƙaramin tsari. CD Baby tana karɓar kimanin dala 10 sau ɗaya a kan waƙa, sannan ta riƙe kashi 9 cikin 100 na abin da ya shigo. Su za su ba ka lambar ISRC mai harufa da lambobi 12, wadda da ita ake ƙirga waƙarka a ko'ina. Rubuta ta ka adana.

Hoton bango 3000 sau 3000, ba adireshin intanet, ba lambar waya, ba tambarin wani kamfani. Tabbatar an zaɓi Audiomack da Boomplay tare da Spotify, Apple Music da YouTube.

*Hattara:* rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. In yau ka sa ƙ gobe ka sa k, sauraronka zai rabu gida biyu, ko waƙarka ta faɗa shafin wani mai irin sunanka.

Da zarar waƙar ta bayyana a Spotify for Artists, miƙa ta ga editoci. Aƙalla kwana 7 kafin fita ake so, kuma waƙa ɗaya ake miƙawa a lokaci guda. Faɗi salo, harshe, kayan kiɗa da yanayin waƙar a taƙaice.

Mataki na 10: Ranar fita da jadawali

Fitar ranar Juma'a. Tun Yulin 2015 ita ce ranar fitar da waƙoƙi a duniya, kuma makon ƙirga na Billboard da na Birtaniya daga Juma'a yake zuwa Alhamis. Wanda ya fitar ranar Talata, kwana uku kawai za a ƙirga masa a makon farko.

San jadawalin da kake nema. Hot 100 tana haɗa sauraro ta intanet, rediyo da ciniki, amma na cikin Amurka kaɗai; sauraro miliyan daga Kano ko Damagaram ba ya motsa ta. Adult Contemporary, wadda ita ce gidan wannan salo, rediyon Amurka zalla take ƙirgawa. Billboard Global 200, da aka fara a Satumban 2020, tana haɗa ƙasashe da yankuna sama da 200. A Najeriya akwai jadawalin TurnTable, mai haɗa rediyo da sauraro ta intanet, ga kuma jadawalin ƙasa na kullum a Apple Music, Spotify da Audiomack. Ga sabon mawaƙi, waɗannan na ƙarshe su ne abin hari. Kuma waƙa ɗaya ba ta yin tashe iri ɗaya ko'ina: "Dreams" da ta yi lamba 1 a Amurka, a Birtaniya lamba 24 ta tsaya a 1977.

Jadawali sauraron da ya taru a mako ɗaya yake aunawa. Don haka tara ƙarfinka wuri guda: bidiyo, hira a rediyo, guntayen amshi na daƙiƙa 15 zuwa 30 a TikTok da Instagram, duk a makon. Kai wa gidajen rediyo waƙar mako biyu kafin fita, ka nemi masu shirin dare da na safiyar Lahadi, su ne ke neman irin wannan sauti.

*Hattara:* kada ka tura cikakken fayil ɗin a WhatsApp, tura mahaɗa. Duk wanda ya saurara daga fayil, ba a ƙirga shi ba. Kuma ka guji masu cewa za su sayar maka da sauraro dubu kaza. Na'urori ne, Spotify tana gano su, tana cire adadin, tana cin tarar kamfanin rarrabawa, shi kuma ya sauke waƙar ko ya rufe maka asusu.

Mataki na 11: Bayan makon farko

Irin wannan waƙa a hankali take hawa. "Dreams" ta yi kusan wata uku tsakanin fitowa da lamba 1, kuma tana da kamfanin waƙoƙi na Warner Bros. a bayanta. Ba wa taka mako 8 zuwa 12 kana yi mata aiki kafin ka saki wata. A mako na uku ko na huɗu, saki bidiyon da kake rera ta da jita kaɗai. Idan ka bi mataki na 1, za ta tsaya da ƙafarta.

Duba alƙaluma sau ɗaya a mako. Abin lura shi ne mutum nawa suka adana ta, da garuruwan da ake saurare. In ka ga wani gari ya ɗaga, nemi rediyon garin. Ka kuma sani cewa tun 2024 Spotify ba ta biyan kuɗin naɗi a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba.

Sannan kada ka sauke waƙar don ta yi shiru. A Satumban 2020 wani mutum a jihar Idaho ya ɗauki kansa a TikTok yana gangarawa bisa allon taya, yana shan lemo yana bin "Dreams" da baki. A Oktoba ta koma Hot 100 a lamba 21, ta hau har 12, shekara 43 bayan fitowarta. Ta samu haka ne saboda tana nan a inda za a same ta, kuma takardunta a kammale suke.

*Hattara:* a kamfanonin da ke karɓar kuɗin shekara, in katinka ya daina biya, ana iya sauke waƙoƙinka daga ko'ina. Sa ranar sabuntawa a kalandar wayarka. In za ka koma wani kamfani, ɗora waƙar a sabon da tsohuwar lambar ISRC da fayil ɗin nan dai, ka jira ta bayyana, sannan ka sauke ta daga tsohon, don adadin sauraronka ya biyo ka.